Birkin Keken Ɗinki

Baba Direba ya hau babbar mota tun gemu bai tsiro masa ba, bai sauka ba sai da gemun ya yi fari fat. Ya ja tifa, ya ja tanka, ya ƙare a tirela. Duk tsawon rayuwar nan ko akuya bai taɓa bugewa ba, kuma in ka zauna kusa da shi sai ka ji wannan labari, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Da ya ajiye aiki ya sayi wata 'yar ƙaramar mota, yana kai matarsa kasuwa, yana zagin duk direban da ya sha gabansa.

Wata safiya yana sunkuye yana sa takalmi hawan jini ya buge shi. Allah ya taƙaita: baki ya dawo daidai, hannu ya dawo, ƙafar dama ce kawai ta rage da ɗan ja. Ranar da aka sallame shi daga asibiti, ko zama bai yi ba ya miƙa hannu bayan ƙofa, inda makullin mota ke rataye. Ƙusa ya shafo.

Babban ɗansa ne ya ɗauke, wanda ake kira Akawu saboda aikin ofis da yake yi da kuma yadda yake wa mutane magana kamar yana karanta musu doka.

"Baba, likita ya ce ka huta da tuƙi."

"Likitan ya taɓa juya tirela a lungu?"

"Ba wannan ce maganar ba, Baba."

"Ita ce maganar! Yaron da na koya wa keke, yana faɗuwa yana kiran uwarsa, yau shi ne ɗan sandan hanya a cikin gidana!"

Akawu ya ce duk ranar da ƙafar ta dawo, shi da kansa zai kawo makullin. Baba Direba ya ce to ta ina za a san ta dawo, tunda an hana ta abin takawa? Akawu ya duba agogo ya ce yana da taro, ya fice, ya kuma tafi da motar.

Abin takaicin ma bai tsaya nan ba. Mutumin da ya kwana a daji da kaya ya fi a ƙirga, sai ga shi an mai da shi kamar buhu a falo. Masu zuwa dubiya su zauna gab da shi, su juya su tambayi matarsa: "Yana dai cin abinci? Yana samun barci?" Yana zaune! Da kunnensa biyu! Wata 'yar uwa har ta kawo masa sandar dogarawa mai kan roba. Ya karɓa ya gode, ya ba matarsa ta riƙa kakkaɓe yanar gizo da ita.

Wanda bai canza masa fuska ba shi ne Injiniya, tsohon abokinsa mai gyaran rediyo da talabijin a shagon da ke tsallaken titi. Can Baba Direba yake ja da ƙafarsa ya je ya sauke fushi. Rannan Injiniya ya gaji da jin sunan Akawu, ya kunna masa wani wasa a kwamfutar shago. Ga tirela, ga titi shimfiɗe, ga gada, ga danja, har da madubin gefe.

"Ga mota nan, sai ka ja ka bar ni in yi aiki."

Baba Direba ya dubi maɓallan da aka turo masa, ya yi tsaki.

"Da yatsa ake tuƙi? Ni sakatare ne? Ina sitiyari, ina totur, ina birki?"

Injiniya ya ce ana iya haɗawa, sai dai wannan kwamfutar tasa ta aiki ce. Amma akwai kayan cikin wasu matattu jibge ƙarƙashin tebur, in an tsince masu rai za a iya tayar da guda, gangar jiki ce babu. Nan take idon Baba Direba ya kawo wuta. Ba wasa ya hango ba, shaida ya hango. Zai haɗa motar, ya kira Akawu ya tsaya a kansa, ya taka birki a gabansa, sannan ya miƙa hannu.

Daga ranar gida ya shiga uku. Matarsa, wadda yake kira Tela don ɗinki ne sana'arta, ta wayi gari ƙaramin firjin da ya mutu ya bar kicin ya koma ɗakin baya. A cikinsa aka ɗaure kayan kwamfutar. Injiniya ya ce firji ba ya fitar da zafi, Baba Direba ya ce abin da ya yi shekaru yana sanyi ba yau zai koyi zafi ba. Murfin babbar tukunya ya zama sitiyari, an naɗe bakinsa da tiyon ban ruwa, an soke shi a sandar labule. Sandar goge ƙasa ta zama giya. Matakin kwandon shara ya zama totur. Birki kuwa, sai da aka kwance matakin tsohon keken ɗinkinta, wanda ta ajiye tun da ta sayi na lantarki.

"Malam," in ji Tela, tana tsaye riƙe da ƙugu, "ko cokali za ka bar mana a gidan nan?"

"Ki ɓoye cokulan, ban san abin da gobe za ta kawo ba."

Ranar da aka tayar da injin, Baba Direba ya yi wanka ya sa hula. Ya kama murfin tukunya da hannu ɗaya, ya ɗora gwiwar ɗaya hannun kan taga, ko da yake tagar bayan kujera ce. Tirela ta ɗau hanya. Ya sha kwana kamar ana zana ta da alli, Injiniya har da tafi. Sai aka shigo gari, danja ta nuna ja, wata 'yar mota ta tsaya a gabansa. Ya ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki.

Ƙarar da ta fito daga lasifika sai da ta sa Tela ta yar da almakashi.

"Injin nan nauyi gare shi," in ji Baba Direba. "Na taka, bai ji ba."

Injiniya ya taɓa firji ya janye hannu, ya ce lallai ya ɗau zafi, ai ya faɗa. Aka cire ƙofar firjin, aka ɗaure fankar tebur a bakinsa, aka rufe da rariyar Tela don ƙura. Injin ya huce. Baba Direba ya sake shiga gari, ya sake hawa bayan wata mota. Ya ce allon ne ƙarami, mutum ba ya hango nesa. Talabijin ɗin falo ya koma ɗakin baya. Ya sake bugawa. Ya ce matakin ne ya yi laushi, birkin kirki yana ture ƙafa. Aka farke ƙasan kujerar baƙi aka zaro sifirin, aka ɗaura a ƙarƙashin matakin. Ya sake bugawa. Ya ce kujerar ce ta yi ƙasa, aka tara masa matasan kai. Har makwanni suka shuɗe gida yana ramewa, ɗakin baya yana ƙiba, motocin cikin talabijin suna shan wahala.

Wata rana Injiniya ya gama dube-dubensa, ya goge hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Abokina, injin nan fa lafiyarsa ƙalau."

"To wa ke nan ba shi da lafiya? Faɗi mana! Kai da Akawu bakinku ɗaya. Mai gyaran rediyo zai koya min birki! Kama hanya!"

Injiniya ya kwashe kayan aikinsa ya tsallaka titi.

Da hantsi washegari Tela ta shigo karɓar rariyarta, don ta gaji da aron ta maƙwabta. Ta same shi yana huci, gaban tirela a cikin bayan wata motar haya.

"Yawwa, zo ki zama shaida. Keken naki ne ai. Zauna ki taka ki ji, wallahi birkin nan ba ya ci."

"Ni da ko keken hawa ban iya ba?"

"Ba tuƙi na ce ki yi ba. In na ce taka, ki taka."

Ta ja kujerar tsuguno, ta gyara zani, ta ɗora ƙafa kan matakin da ta yi rabin rayuwarta tana takawa. Shi ya riƙe sitiyari da totur. Suka shigo gari, danja ta nuna ja, mota ta tsaya a gaba.

"Taka!"

Tirela ta yi cak. Tsakaninta da motar gaba, wata motar ma za ta shiga.



"Sa'a ce," in ji Tela.

"Sake."

Suka sake. Cak. Baba Direba bai dube ta ba, ƙafarsa ta dama yake kallo, tana shimfiɗe kan matakin kwandon shara kamar ta wani ce aka ba shi ajiya. Tela ta miƙe ta kakkaɓe zani.

"Rariyar ka riƙe," ta ce, ta fita.

Ƙarshen mako Akawu ya zo. Ya biya ta shagon Injiniya, wanda ya gaya masa tsohon kullum yana kan motsa ƙafa, bai ƙara ko kalma a kai ba. Ya leƙa ɗakin baya ya yi turus. Ga firji ba ƙofa yana ƙyalli da 'yan fitilu, ga murfin tukunyar uwarsa, ga ubansa a kan babban titi fetal, babu danja babu kowa, yana zuba tuƙi da hannu ɗaya, fuskarsa ta koma ta da. Akawu ya daɗe a tsaye. Kunya ta kama shi. Ya sa hannu a aljihu, ya ajiye makullin kan firji.

"Baba, ka yafe ni. Wanda ya haɗa wannan, yake jan ta haka, ban ga dalilin hana shi mota ba."

Tela tana bakin ƙofa da zaren awo a wuya. Ta kama ƙyauren da hannu biyu.

Baba Direba ya saki totur, ya bar tirela ta gangara gefen hanya har ta tsaya don kanta. Ya ɗauki makullin, ya jinjina shi a tafin hannu, ya shafa bakin makullin da babban yatsa. Sannan ya wurga shi kan ƙirjin Akawu.

"Yanzu ka ga damar kawowa? Bayan ka gama cinye mata kuloci? Ina jin yadda kake sa giya tun daga kan kwana, kamar ana yanka ƙarfe! In sauko daga tirela in shiga wannan gwangwanin, ana ganina? Ɗauke abinka! Kuma tunda kai ne mai mota, daga yau kai za ka riƙa kai uwarka kasuwa, ka jira ta ta gama cinikinta, ka ɗauko mata kaya. In na ji ka duba mata agogo, ni da kai ne."

"Baba, ni fa cewa na yi..."

"Na ji abin da ka ce. Kunnena lafiyarsa ƙalau. Ja min ƙofa, kana shigo min da ƙura."

Akawu ya fito tsakar gida yana juya makulli, ya dubi uwarsa.

"Mama, wallahi Baba ba a iya masa. A hana shi, faɗa. A ba shi, faɗa."

"Sai yau ka sani? Ka zo da wuri ran kasuwa."

 Bayan ƙarar motar ta ɓace, sai murya ta fito daga ɗakin baya, a fusace kamar kullum.

"Tela! In kin gama surutun ki zo, akwai gangara a gaba, kuma kaya ne da ni."

Ta ajiye zaren awo, ta ɗauki kujerar tsuguno ta shiga.

"Ka dai rage gudu."

"Ji mata! Yaushe kika shiga mota har kin fara koya wa direba aiki?"