Ƙofar da Na Tsare a Bakin Teku

Doha ba wani babban gari ba ne. In ka shiga mota daga Bin Omran, inda muke haya mu shida a ɗaki ɗaya, kafin ka gama cin gyaɗar da ke hannunka ka iso bakin ruwa. Garin ya lanƙwashe ne a jikin teku kamar lauje, dogayen benayen West Bay a gefe guda, Lusail can arewa tana ta tsirowa, bayansu kuma babu komai sai rairayi da fararen duwatsu. Duk wanda ya samu hutu ruwan nan yake nufa, don babu wani wajen zuwa.

'Yan ƙasar kaɗan ne, sai ka wuni ba ka yi magana da ko ɗaya ba. Sauran duk mu ne 'yan ci-rani: Indiyawa, mutanen Nepal da Bangaladash, Sudaniyawa, 'yan Kenya, da mu Hausawa masu gadi da tuƙi. Kuma yawancinmu maza ne. Maza a bas, maza a layin burodi, maza duk inda ka juya har idonka ya gaji da gashin baki. Shi ya sa wasu wuraren shaƙatawa ke ware ranakun iyali, namijin da ba ya tare da mace ba ya shiga. Ko kana da mata huɗu a gida, in ba sa gefenka gwauro ne kai. Ni ma na baro mata da 'ya'ya uku a Funtuwa, amma ni aka ba rigar gadi da oba-oba aka ce in riƙa korar gwauraye.

Wurin da nake gadi wani filin shaƙatawa ne a bakin ruwa, ƙofarsa ɗaya, da shingen ƙarfe a gabanta. Shekara biyu na yi a ƙofar nan, fuskata na kallon titi, teku na bayana.

Washegarin Babbar Sallah, bayan la'asar, motocin bas suka fara sauke leburori daga sansanoninsu na bayan gari. Sun sha sababbin riguna, kai ya sha mai. Iskar teku ta yi nauyi, riga na manne wa mutum a baya. Kafin wani lokaci sun cika gaban shingen, mu kuma masu gadi huɗu ne, har da wani dattijo Basakkwace da muke ɗaki ɗaya. Ogammu yana ciki, muryarsa kawai ke fitowa ta oba-oba, yana nanata cewa iyali kaɗai za su shiga.

A gabana akwai wani gajeren tsoho ɗan Nepal, furfura ta cinye masa kai, siminti ya tsattsaga masa hannu. Yana riƙe da robar ruwa wadda babu komai a ciki. Da guntun Larabci da guntun Turanci ya yi mini bayani. A Lusail yake aikin gini, kullum daga saman bene yake hango ruwan, bai taɓa sa hannu a ciki ba. Ƙasarsu duwatsu ce, babu teku. Gobe jirginsa zai tashi, ya gama ke nan, matarsa kuma ta ce ya ɗebo mata ta gani.

"Minti biyar kawai," ya ce, yana nuna mini robar.

Na fahimce shi sarai, don mu ma a Funtuwa ba mu da teku. Amma akwai kyamara a saman kaina, kuma na san abin da ya samu mai gadin da ya taɓa yin tausayi a ƙofar nan.

"Khalas, shi ke nan, Baba," na ce. "Yau ta iyali ce."

Bai tafi ba. Ya dafa shingen ya tsaya yana leƙen bayana.

Sai ga wani mutum da matarsa da yara, muka ɗan buɗe musu. Wannan 'yar kafar ce ta jawo. Na baya suka turo na gaba, shingen ya karkato ya faɗo mana. Basakkwacen ya faɗi, ƙarfen ya danne masa ƙafa, mutane suna bi ta kansa.

"Ƙanena, ƙafata, cire ni," yake cewa.

Na sunkuya in ɗaga ƙarfen, wani ya kai mini naushi a kunne, kaina ya ɗauki ƙara. Wani ya taka mini yatsu. Na ɗanɗana jini a bakina. Ni dama mutum ne mai saurin hawa, tun ina yaro aka san ni da haka, ranar kuwa zafi da ƙishirwa sun riga sun cika ni. Hannu ya damƙi wuyan rigata ta baya, na juyo da oba-oba na sauke da iya ƙarfina. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya.

Tsohon ne. Faɗuwa zai yi ya riƙe ni. A bugun farko ban gan shi ba. A na biyu na gan shi, na ga robar a hannunsa, kuma na buga. Wannan na biyun ne har yau ban yafe wa kaina ba.

Goshinsa ya dare, jini ya rufe masa ido ɗaya ya gangaro cikin sabuwar rigarsa. Ganin jinin ne ya sa taron ya ja da baya, don kowa ya san in 'yan sanda suka zo, mai gaskiya da marar gaskiya duk a mota ɗaya za su tafi. Oga ya iso da gudu, ya dubi tsohon, ya dubi yaran da ke kallo daga ciki.

"Kai, ɗauke shi daga nan, yalla, maza. Bi da shi ta baya ka wanke shi, kada iyalai su gani."

Banɗaki cike yake da mata da yara. Na riƙe shi muka bi ta bayan ɗakin ajiyar kayan shara, hanyar kuma ba ta ƙare ko'ina ba sai kan duwatsun bakin ruwa. Haka ya isa tekun da na hana shi.

Ya saki hannuna ya durƙusa. Ya ɗebo ruwa da tafi biyu ya watsa a fuska, gishiri ya shiga ciwon, ya ja iska ta haƙora. Bai daina ba, ya sake ɗebowa. Ya lasa, ya tofar. Can ya waiwayo ya dubi hannuna, jininsa ya fara bushewa a tsakanin yatsuna, ya nuna mini ruwan da haɓa. Na durƙusa kusa da shi na tsoma. Ɗumi ne da shi kamar ruwan wanka. Ban taɓa sani ba, ni ma ranar na fara taɓa shi. Kunya ta rufe ni.

Ya nutsa robar a gabansa, daidai inda jinin ke ɗiga, har ta cika. Da ya ɗaga ta sai na ga ruwan ya yi ja-ja. Na miƙa hannu na ce ya ba ni in zubar, in shiga ciki in ɗebo masa mai kyau. Ya janye robar, ya murɗa murfin sosai.

"Haka zan kai mata," ya ce.