Tawadar Kawu a Cikin Kartush

Kawuna malamin rubutun sha ne. Daga Kornaka da Bader Goula mutane kan zo ya rubuta musu ayoyi a allo, a wanke, su tafi da ruwan a gora. Da tsufa ya kama shi sai hannunsa ya fara rawa, har alƙalami ya daina tsayuwa. Ya ɓoye abin, kullum yana ce wa masu zuwa su dawo gobe. Ni kaɗai ya gaya wa, ni ɗan ƙanwarsa mai shagon buga takardu a bakin kasuwar Dakoro.

"Injin nan naka," ya ce da ni murya ƙasa-ƙasa, "shina iya rubutu da tawadata? In ya buga bisa takarda sai in jiƙa ta. Amma hwa kar kowa shi ji."

Na ce ai ƙaramin aiki ne. A lokacin ina ji da kaina, don na saba ɗura tawada da sirinji a kartush, wato ɗan akwatin tawadar injin. Na kuma san yadda yake aiki. A ƙasansa akwai ƙofofi da suka fi gashi siranta, bayan kowace akwai ɗan ƙarfe da lantarki ke zafafawa. Kafin ƙiftawar ido tawada ta tafasa, kumfa ya taso ya tunkuɗo ɗigo ɗaya kan takarda, sannan kumfan ya sace, wata tawadar ta shigo. Duk wannan na iya shi a baki. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne tawadar Kawu da ƙaro ake haɗa ta.

Bakina kuwa ba ya riƙe magana. Wajen shan shayi na ce wa abokaina su zo su ga abin mamaki, inji zai yi rubutun sha. Ranar da Kawu ya iso da kurtun tawada a ɓoye cikin riga, shagon ya cika. Ya dube ni sau ɗaya, ya zauna.

Na ɗura, na danna. Rabin Bisimilla ya fito dishi-dishi, daga nan sai farar takarda. Ƙaron ya dahu a kan ƙarafan nan kamar ƙanzo a gindin tukunya, ƙofofin suka toshe. Na goge, na hura, na sake dannawa, ba abin da ya fito.

Wani tela maƙwabcina ya ce, ba da mugun nufi ba, "Malam, mi ya hana ka rubuta da hannunka? Ai ya hi albarka."

Kawu ya miƙa hannu zai ɗauki kurtunsa. Hannun ya yi ta karkarwa, tawada ta zube masa a farar riga, kowa yana kallo. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kunyar da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai.

Kasuwa ba ta sake ci ba sai da labari ya kai ƙauyuka. Masu zuwa da gora suka koma wajen wani malami. Na daɗe ina kewaye layin gidansa kafin na iya shiga gaishe shi. Na tarar da shi a zaure shi kaɗai, alluna jingine da bango. Na durƙusa a gabansa.

"Ɗana," ya ce, "an samu an gyara maka injin? Ina ta jin tsoro kar tawadata ta ɓata maka sana'a."