Garkuna Goma Sha Bakwai da Suka Ɓace a Kwamfuta

A Saulawa aka haifi Mukarrama, ɗiya ta huɗu a gidan Malam Hamisu, manomin masara da barkono. Tun tana ƙarama an san ta da naci. In ta sa abu a gaba ba ta ci ba ta sha sai ta ga ƙarshensa, har mahaifiyarta Lantana kan ce ita kam ba ta san inda yarinyar nan ta ɗauko wannan hali ba. Da ta gama sakandare ta tafi Zariya ta karanta ilimin kwamfuta, ta dawo ta yi aure a Makarfi, ta haifi 'ya mace. Shekara biyu tana neman aiki kafin ta samu a wani ƙaramin asibitin dabbobi da ƙungiyar manoma da makiyaya ta kafa a Ikara. Kullum da safe sai ta goya 'yarta, ta shiga motar haya, ta sauka a bakin kasuwa ta ƙarasa da ƙafa.

A ofishin ta tarar da mutum biyu. Akwai Dakta Usmanu, likitan dabbobi, wanda rabin rayuwarsa a kan babur take tsakanin rugage. Akwai kuma Malam Musa, dattijo mai furfura, ma'ajin bayanai, da tsohuwar kwamfutarsa da yake lulluɓewa da zane in an tashi. Shekara goma sha uku yana shigar da bayanan rigakafin shanu a cikin rumbun bayanai ɗaya da ke kan kwamfutar nan, da yatsa biyu: sunan mai garke, sunan ruga, yawan shanu, irin allurar da aka yi da ranar da aka yi ta. Daga Ikara har Kudan ba garken da ya taɓa shan allura a hannunsu da babu shi a ciki.

Matsalar ita ce fitar da abin. In Dakta ya tambayi garkunan da lokacin allurarsu ya wuce, sai Malam Musa ya bi layi-layi yana kwafa a takarda, aikin kwana uku ko huɗu. Mukarrama ta zauna ta rubuta wata 'yar manhaja da hannunta, wadda za ta duba ranakun ta jero garkunan da suka makara, gunduma-gunduma. Ta gwada ta da bayanan ƙarya ta yi aiki sarai. Abin da ya rage shi ne manhajar ta iya karanta ainihin rumbun Malam Musa.

A daidai lokacin wani baƙo da ya zo daga Kaduna ya ba shugabannin ƙungiya shawarar a watsar da tsohon rumbun a fara sabo. Da suka koma ofis daga wurin taron, Mukarrama ta ga Malam Musa ya zauna ya ɗora hannu a kan kwamfutar.

"Baba, kada ka damu," ta ce. "Ba abin da za a zubar. Direba kawai nake buƙata."

Ya ɗago kai. "Direba kuma? Ina za a kai ta?"

Ta yi dariya har ta rufe baki. "Ba na mota ba, Baba. Wata 'yar manhaja ce da ke shiga tsakani, kamar tafinta. Tawa ta yi tambaya, shi ya kai wa rumbunka da harshen da yake ji, ya karɓo amsa ya kawo mata. Aikinka yana nan inda ka ajiye shi, ba mai taɓawa."

"To, Allah ya sa tafintan nan mai gaskiya ne," in ji Malam Musa.

Ta nemi izinin Dakta, ya ba ta mako biyu. Abu na farko da ta yi shi ne kwafe rumbun a wuri biyu, ɗaya ta damƙa wa Malam Musa ya sa a aljihun babbar rigarsa. Sannan ta sa direban da ake kira ODBC, ta ba hanyar da za ta haɗa manhajarta da rumbun suna, ta nuna masa inda fayil ɗin yake, ta kunna manhajarta. Sai ga saƙo a allo wai ba a ga tushen bayanan ba. Ta sake, haka. Ta goge ta sake saitawa tun daga farko, haka dai. Ga sunan hanyar nan tana kallonsa da idonta, amma manhajar ta ce babu shi.

Kwana uku tana wannan fama. Wuta ta ɗauke, ta jira rana ta cika batirin sola, ta ci gaba. 'Yarta na kuka ta ba ta nono da hannu ɗaya, ɗayan yana kan madannai. A rana ta huɗu, tana cikin mota a hanyar Makarfi tana karanta bayanin direban a wayarta, ta gano inda ta kuskure. Direban iri biyu ne, mai lamba talatin da biyu da mai sittin da huɗu, kowanne da ɗakin saitinsa daban. Ita ta saita hanyar a ɗakin na farko, manhajarta kuwa a na biyu take nema. Saura kaɗan ta ce wa mai mota ya juya.

Washegari ta sake haɗa manhajar ta dace da direban da ke kan tsohuwar kwamfutar. Ta danna, sunaye suka zubo a allo, ɗaruruwa, cikin ƙiftawar ido. Malam Musa ya gyara tabarau ya matso yana karanta 'yan na farko a hankali, yana kiran sunayen kamar masu su na tsaye a gabansa.

Ba a yi kwana goma ba labari ya zo daga wajen Kurmin Kogi cewa ciwon huhu ya ɓulla a shanu. Ardo Bobbo, shugaban makiyayan yankin, shi ya zo da kansa da sassafe. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da dabbobi da ruwan sama, ya ce saniya shida sun kwanta a ruga biyu. Dakta ya samo allurar rigakafi, amma ba ta da yawa, kuma ba ta jure zafi, dole a yi amfani da ita cikin kwanaki kaɗan. Sai an san garkunan da suka haura shekara ba allura a fara da su.

"Malama, yau ranarki ce," in ji Dakta.

Mukarrama ta danna, jeri ya fito: garke arba'in da huɗu. Ta buga a takarda ta miƙa masa, zuciyarta fari ƙal. Dakta har ya naɗe takardar ya nufi babur, sai Malam Musa ya ce a ba shi ya gani. Ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama.

"'Yata, wannan bai cika ba."

"Baba, abin da ke cikin rumbun ne ya fito."

"Ina mutanen Rugar Ɗan Baƙo? Ina na Ƙofar Rafi? Bara ba mu je musu ba, ruwa ya cinye hanya. Ni na san ba a yi musu ba."

Ta roƙi Dakta ya ba ta awa ɗaya. Ardo Bobbo ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya ya ce shi ba ya sauri, gara a makara a tafi daidai.

Ta buɗe jerin rugage ta cikin manhajarta, nan take ta ga abin. Duk sunan da ke da harafi mai ƙugiya ya lalace a hanya. Inda Malam Musa ya rubuta Ɗ ko Ƙ ko Ɓ, alamar tambaya ce ke isowa. Shi dattijon, saboda tsananin kula, tun da ya samu madannai masu haruffan Hausa bai taɓa rubuta sunan mutum ba daidai ba. Ita kuwa da ta haɗa manhajarta da direban, ta zaɓi tsohuwar hanyar aika rubutu wadda haruffan Turanci kaɗai ta sani. Don haka in manhajar ta nemi garkunan Rugar Ɗan Baƙo, sunan da ta aika ba ya dacewa da na cikin rumbu, sai amsa ta dawo wai babu kowa.

Ba ta ɓoye ba. Ta juya ta ce, "Kuskurena ne, Baba. Rubutunka daidai yake."

Ta canza saitin zuwa hanyar da ke ɗaukar haruffan kowane harshe, ta gyara layi huɗu a manhajar, ta sake dannawa. Garke sittin da ɗaya. Goma sha bakwai ne suka ɓace da farko, kuma tara daga cikinsu suna shan ruwa a rafi ɗaya da shanun da suka kamu. Malam Musa ya sake bin takardar da yatsa, wannan karon har sau uku, sannan ya miƙa wa Dakta da hannu biyu.

Da waɗannan tara aka fara. Kwana biyar Dakta da ma'aikatan wucin gadi suna zagaya rugage, Ardo Bobbo na gaba yana nuna hanya. Kowace yamma su kawo takardun abin da aka yi, Malam Musa ya shigar a rumbunsa yadda ya saba, Mukarrama ta danna, jerin gobe ya fito ya ragu. Shanu goma sha ɗaya aka rasa a duk yankin, ciwon bai tsallaka zuwa Kudan ba.

A taron ƙungiya na gaba Ardo Bobbo ya miƙe ya ce yana so a nuna masa matar da ta nemo rugagen da suka ɓace. Mukarrama ta tashi daga bayan zauren, goye da 'yarta, kunya ta rufe ta. Ta ce ita hanya kawai ta buɗe, mai ajiya ne ya san abin da ya ajiye. Ardo Bobbo ya ce ya ji, amma hanyar ma ai wani ne ya share ta. Maganar watsar da rumbun ba wanda ya sake tayar da ita.

Bayan wata uku wata ungozoma mai suna Rahmatu ta zo daga Makarfi neman ta. Su ma a ɗakin shan maganinsu akwai tsohuwar kwamfuta cike da ranakun rigakafin yara, ba mai iya fitar da su sai da biro da takarda. Mukarrama ta ce za ta zo ranar Asabar, amma da sharaɗi: wanda ya shigar da bayanan da hannunsa ya zauna kusa da ita har a gama. Rahmatu ta ce ai ita ce. Ranar Asabar ɗin suka zauna su biyu a kan benci ɗaya tun hantsi, kafin la'asar sunayen yaran unguwa huɗu sun fito a allo.