Ban-ruwan Bayan Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale birkila ya san ba ya shiga gida sai ya ƙwanƙwasa bango. Kafin sallama ma! Ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya ce, "Fanko ne. An cuci mai gida." Haka ya yi wa surukina a Daurawa ranar da ya je nema min aure, a gaban jama'a. Har yau mutumin nan kallon banza yake min.

To, sai ga shi nasa ginin ya zama fanko. Ya sunkuya ɗaukar buta, ƙashin bayansa ya tsage. Mutumin da bai taɓa rasa sahun gaba ba ya koma salla a zaune, abin yana cin ransa. 'Ya'yansa masu digiri suna Abuja, sai waya. Ni da na tsaya a aji uku, ni ne jakin kai shi asibiti Gyadi-Gyadi.

Likitar, wata yarinya mai haƙuri, ta ce, "Baba, ƙashinka ya zaizaye, ya zama kamar soso. Siminti za mu ɗura a ciki da allura, ya riƙe shi."

Kawu ya washe baki. "Alhamdulillahi, an zo gidana! Kwanon yashi nawa kuke sa wa buhu?"

"Ba irin naku ba ne, Baba. Kuma sirka shi ake yi ya ɗan yi laushi. In ya fi ƙashin tauri, sai ya fasa na kusa da shi."

"Sirki? Yarinya, a bayana za ki yi aikin ɗan kwangila?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce a mayar da shi gida Tarauni, ba zai yarda ba.

Da muka koma ganin likita na lura aljihunsa ya yi nauyi. Muna zama ya zaro ƙullin leda ya dire a tebur. Siminti! "Ga nawa, ban yarda da naku ba." Ledar ta fashe, nas ta hau tari, ɗalibai masu koyon aikin likita suna ta ƙunshe dariya. Na ce, "Kawu, don Allah ka rufa min asiri." Ya ce, "Yi min shiru, kai ko bulo ba ka iya jerawa."

Likitar ta kawo masa wani ɗan guntun nasu simintin da ya daskare. Ya ƙwanƙwasa, ya gartsa masa haƙori. Can ya ce, "A yi. Amma ban-ruwa nawa ne."

Ban gane ba sai da aka yi aikin aka sallame mu. Gari na wayewa ya sa aka fito da shi ƙofar gida, ya tuɓe riga, ya miƙo min buta. "Zuba. Simintin da bai sha ruwa ba tsagewa yake."

"Kawu, an ce kar wurin ya jiƙe!"

"To rufe da leda, ka zuba a kai."

Haka na dinga yi kullum, ƙato da ni, da furfurata, ina ban-ruwan tsoho a bakin titi. 'Yan adaidaita suna rage gudu: "Malam, ya fara tsiro?" Har yau a unguwa Mai-buta ake ce min.

Ranar da ya tsaya a sahu da ƙafafunsa, ana sallamewa ya juyo ya ce, "Ka ga amfanin ruwa? Da likita ce kaɗai, da tuni na rushe."

Bara ya rasu. Da aka gama rufe shi aka kawo bokitin ruwan da za a yayyafa wa kabari, wani ɗansa ya miƙa hannu. Na fizge. Na ce, "Bar shi, aikina ne." Na zuba a hankali yadda yake so, ban damu da wa ke kallo ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sanyaya makwancinka, ya ba ka gidan da in ka ƙwanƙwasa ba za ka sami abin cewa ba.