Yatsu Biyun da Likita Ya Ɗaga

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, har da sunayen wasu da muka zauna benci ɗaya a aji, amma ranar da aka buɗe wa Inna kunne tana nan a raina kamar jiya, kuma na san da ita za a binne ni.

A lokacin ba a yi Jihar Neja ba, Kontagora tana ƙarƙashin Sakkwato. Ina shekara ta uku a makarantar horon malamai ta mata, na dawo gida hutu. Ni yarinya ce marar magana. Ko a aji sai malami ya ce in ɗaga murya. Abin da na iya shi ne rubutu. Ina da ɗan littafi mai shuɗin bango da ba ya rabuwa da ni, duk abin da na ji sai na rubuta shi da lamba, na ɗaya, na biyu.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tukwane take sayarwa a kasuwa. Mata magina daga ƙauyukan wajen Rijau suke kawo mata randuna da tuluna da kasake bayan kaka. Ba ta taɓa karɓar tukunya da ido kawai ba. Sai ta ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa da zoben azurfar da ke yatsanta, ta karkata kai. In tukunya lafiyayya ce, ƙararta tana tafiya. In akwai tsagar da ido bai gani ba, ƙarar tana mutuwa nan take. Saboda kunnen nan mata suke wuce rumfuna uku su zo tata.

Sai mura mai tsanani ta kama ta wata damina, ta tafi ta bar mata kunnuwa a toshe. Shekara biyu tana jin duniya kamar daga cikin rijiya. Ta gwada man shanu mai ɗumi, ta gwada turare, ba abin da ya canja. In zan yi mata magana sai na kafa baki a kunnenta na hagu na yi ihu, ni da ko sallama da ƙyar ake ji na. Wata rana wata tsohuwar mai sayenta ta dawo da randa tana yoyo, ta ajiye a gaban rumfa ta juya ta tafi. Inna ta daɗe tana kallon randar. Da muka koma gida ta ce in maginan suka kawo kayan bana ba ta ji ba, ta bar kasuwa ke nan. Saura mako biyu su zo.

A cikin makon aka ce likitan kunne ya zo asibitin gari daga Kaduna, kwana uku zai yi. Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa, ni ce mai fassara. Ya leƙa kunnuwanta da fitilar da ya ɗaura a goshi, ya ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne. Zai ɗan tsaga wurin, ya zuƙe ruwan, ya sa wani ɗan bututu da bai kai ƙwayar dawa ba don iska ta riƙa shiga. Sannan ya ɗaga yatsu biyu, ya ce hanya biyu ce, ni kuma ina rubutawa.

Ta farko, a sa ta barci. Ba za ta ji komai ba, amma sai mun bi shi Kaduna bayan wata ɗaya, ta kwana ba ci ba sha, kuma ta iya tashi da amai da jiri. Ta biyu, a yi gobe a nan, idonta biyu. Zai sa auduga mai magani ta kashe wurin. Maganin da kansa yana da raɗaɗi, za ta ji ana dannawa, za ta ji ƙarar zuƙar ruwa kamar a tsakiyar kanta, kuma dole ta tsaya cik, ko motsi.

Na kalli ƙaramar wuƙar da ke kan farantin likita. Na kafa baki a kunnen Inna na faɗa mata ta farko da ƙarfi, tiryan-tiryan. Ta biyun kuwa na rufe littafi, ban faɗa mata ba. Na ce wa likita za mu yi shawara.

Muka fito ni da Inna muka zauna a gindin mangwaron asibiti. Ta gyara mayafi, ta ce, "Ke 'yar boko."

Na matso.

"Mutumin nan yatsu biyu ya ɗaga. Ke ɗaya kika kawo mini. Ina ɗayan, ko kin cinye a hanya?"

Na ce ɗayan ba shi da daɗi.

"Ni na ce miki alewa na zo sha? Kunnena ne ya toshe, idona garau yake. Buɗe littafin nan."

Na buɗe. Na karanta mata komai da ihu, mutanen da ke jiran magani suna waiwayenmu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na kai wurin raɗaɗi sai na dakata. Na ce, "Inna, ba zan iya ganin ana yanka ki kina kallo ba."

Ta yi dariya, ta ce, "To ashe ke za a sa barcin. Ni na haife ki a ɗaka, ungozoma ba ta iso ba. Wata ɗaya fa kika ce. Maginan nan su jira ni wata ɗaya? Kuma in za a buɗe mini kunne, ina so in kasance a wurin."

Washegari da hantsi ta kwanta a kan gadon, nas ya riƙe mata kai. Kafin likita ya fara ta kamo hannuna ta ce, "Karanta mini littafinki. Ban da ihu. Da muryarki ta gaskiya. In ya buɗe zan sani."

Na buɗe shafin bayanin jiya. Da aka sa audugar, na ga yatsun ƙafarta sun lanƙwashe, zoben ya nutse a bayan hannuna. Ba ta motsa ba. Muka jira maganin ya kama. Likita ya sunkuya, na kawar da ido na soma karatu a hankali, irin yadda nake yi wa kaina. Injin zuƙar ruwa ya tashi, hawaye ya gangaro mata zuwa kan matashi, ni ma ina share nawa da gefen littafi. Na karanta na ɗaya, na karanta na biyu. Injin ya yi shiru. Ina cikin cewa dole ta tsaya cik, ko motsi, sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa,

"Ai na tsaya. Ci gaba."

Na bar karatun. Likita ya ɗago yana tambayata me ta ce, na kasa fassarawa.

Ta ce, "Ashe haka muryarki ta koma. Na bar ta ta yarinya, ga ta ta zama ta mace. Ci gaba mana."

Aka juya ta, aka yi ɗaya kunnen. Shi ya fi zafi, ta faɗa mini daga baya, don ta riga ta san abin da ke zuwa. Da ta tashi zaune jiri ya ɗebe ta, nas ya tare ta. Likita ya ce kada ruwa ya shiga kunnen, ta toshe da auduga in za ta yi wanka, bututun kuma zai faɗo da kansa bayan wasu watanni. Tana saurare, ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa ɗan kwanon ƙarfen da ke kan tebur da zobenta, ta karkata kai. Ta ce, "Gaya masa kwanonsa lafiya lau." Sannan ta ƙwanƙwasa goshina. "Wannan ma ba tsaga. Sai dai tana riƙe abu a ciki."

Ranar da maginan suka sauke kaya, na zauna a rumfa ina kallonta tana bin randuna ɗaya bayan ɗaya. Ta ware uku. Shugabar maginan ta tafa hannu ta ce, "Wayyo, kunnen ya dawo, mun shiga uku!" Aka yi ta dariya. Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya a rumfar nan.

Yau zoben yana hannuna. In na ga masu tukwane a bakin hanya nakan tsaya in ƙwanƙwasa, in karkata kai yadda take yi, amma ban taɓa jin abin da take ji ba. Abin da nake nema ma ba ƙarar tukunyar ba ce. So nake in ji an ce mini, "Ci gaba mana."

Na ɗauka tausayinta ne ya sa na ɓoye yatsa na biyu. Sai da na girma na gane tsorona nake karewa, kuma saura kaɗan ya raba ta da sana'arta. Tun daga ranar, in aka ba ni saƙo zuwa ga marar lafiya, nakan kai shi cikakke, mai daɗi da marar daɗi. Wanda zai sha zafin shi ya kamata ya zaɓa. Aikina in riƙe masa hannu, in ci gaba da magana har ya amsa.