Wayar Bube Tana Hannun Ajiya

Akwai ranar da har gobe in na tuna ta sai na yi dariya, ko da yake a lokacin ba abin dariya ba ne a wurina. Ina aiki ne a biro, wato ofishin wani furoje, shirin rigakafin dabbobi, a Madawa. Ni ke kula da ordinater, wato babbar na'urar da sunayen makiyayan Madawa, Buza da Keita suke ciki. Sai anka kawo mana ƙananan na'urori na hannu, anka ce in kwashe adireshin kowa in zuba a cikinsu, don likitocin dabbobi su riƙa tafiya da su daji.

To, na'urar nan tana da taurin kai. Sai ka ba ta sunan titi da lambar gida, in ba haka ba ta ƙi karɓar mutum. Don Allah ina titin wanda gidansa ke bin bayan shanu? Na zauna da likitocin, munka yi shawara. Kowane makiyayi yana da kasuwar da ba ya fashi, da rumfar da yake sauka. Sai na sa sunan kasuwa a gurbin titi, sunan mai rumfa a gurbin lambar gida. Na'ura ta haɗiye ba gardama.

A farkon damina Madam Direktiris, shugabarmu da ke garin Tawa, ta zo duba aiki. Kwantiragina yana gab da ƙarewa, kuma sa hannunta ne zai sabunta shi. Ta duba na'urar, ta ɗaga gira.

"Malam Sani, wannan adireshi ne ko labari? Zan zaɓi mutum guda. In ka kai ni wurinsa, shi ke nan. In ba haka ba, sai mu sake magana a kan aikinka."

Ta zaɓi Bube Jaɓɓo, Kasuwar Galma, rumfar Tanko mai shayi. Allah ya taimake ni, ranar kasuwa ce. Matsalar ita ce, ni mutumin biro ne, ban taɓa ganin Bube da idona ba.

Munka isa bayan azahar. Motar furoje ta tsaya ƙiii a bakin rumfa, Madam ta sauko da na'ura a hannu. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Bube Jaɓɓo muke nema." Mutanen rumfa sunka dubi juna. Ku yaran yanzu da ke wannan aiki bayanmu ku sani, a lokacin shuka, duk wanda ya zo da mota yana kiran makiyayi da cikakken sunansa, ana ɗauka ƙarar ɓarnar gona ce ta biyo shi.

Tanko ya ci gaba da juya shayinsa. "Bube? Kai, Buben da yawa, Hajiya."

Wani dogon dattijo mai malafa, da sanda a kan cinya, ya kurɓi shayi ya ce, "Na san shi. Ya yi arewa tun shekaranjiya. Mi ya yi?"

Madam ta juyo ta dube ni, ni kuwa na fara tunanin abin da zan gaya wa uwar 'ya'yana. Sai na tuna na kwaso har da lambobin waya. Na ce, "Madam, a danna nan."

Ta danna. Sai ga waya tana kuka a cikin rigar dattijon nan, da ƙarfi kuwa! Bawan Allah ko gezau bai yi ba. Ya zaro ta, ya dube ta, ya ce, "Tasa ce. Ajiya ya ba ni."

Tanko ne ya fara fashewa, har shayi ya zube masa a ƙafa. Madam ta yi ta cije leɓe, daga baya ita ma ta saki dariya. Ta zauna a kan benci, ta karɓi kofi, ta gaishe su yadda ya kamata, ta tambayi iyali da dabbobi. Sannan ta ce, "To Baba, in ka ga Bube, ka gaya masa likita zai zo yi wa shanunsa allura, kyauta."

Dattijo ya gyara malafa. "Zan gaya mishi. Ya ce a fara da maruƙa, su ke tari. Suna nan bayan fadama, in kuna so in kai ku."

A hanyar komawa Madam ta ce in ci gaba da aikina, amma in ƙara layi guda a ƙarƙashin kowane suna. Har yau yana nan a na'urorinku, kuna ganinsa kuna dariya: "A gaisa, a sha shayi tukuna."

Kada ku goge shi. Na'ura za ta kai ku har gaban mutum, amma sai ya yarda da ku sannan yake gida. Bube ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Duk sanda munka haɗu a Galma, tambayarsa guda ce: "Malam Sani, ka ga Bube kuwa?"