Nauyinmu Ɗaya da Matarsa

A bakin asibiti wani dattijo yana durƙushe bayan babur ɗinsa, hula a gwiwa, yana sassauta sifirin da sifana. Da ganin yadda kujerar baya ta lotsa, ya shekara talatin yana goya mutum ɗaya. Ni wankin ciwo na zo. Tun da na faɗi a babur makon jiya, ko ƙarar inji firgita ni take.

"Samari, hau baya in gwada. An yi wa matata aiki, kada ramuka su taɓa ɗinkin. Nauyinku ɗaya."

Na daure na hau. Babur ya lotsa a hankali.

"Madalla! Me ka karanta?"

"Injiniya, Baba."

"Shi ya sa ka zauna daidai."

Aikin farko ke nan da digirina ya samo mini.